Byang Kato: Bawan Allah da Ya Yi Karatu Mai Zurfi Domin Ikkilisiya

Kowace shekara mukan yi sujadar godiya tare da iyalan da 'ya'yansu suka gama karatu. Waɗansu sun fito daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, waɗansu daga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, waɗansu kuma sun dawo da digiri daga Gusau, ko Sakkwato, ko Zariya. Da an gama hidimar ƙasa, sai a zo wurin fasto da tambaya iri ɗaya: a ci gaba zuwa digiri na biyu, ko a tsaya haka? Uba yana lissafin buhunan hatsin da zai sayar. Uwa tana tunanin ƙannen da ke baya. Yaron kuma yana duban abokansa masu digiri da har yanzu ba su sami aiki ba.

Tambayar takan shigo taron dattawan ikkilisiya ma, duk lokacin da fasto ya nemi izinin komawa makarantar tauhidi. Wani dattijo zai ce ai manzanni masunta ne. Wani zai ce wanda aka tura karatu a baya bai dawo ba. Ba mu raina waɗannan maganganu ba, domin akwai gaskiya a cikinsu. Amma kafin mu yanke shawara, yana da kyau mu dubi rayuwar wani ɗan Arewa kamar mu, wanda ya bi wannan hanya har ƙarshenta, ya kuma nuna abin da ake yi da irin wannan ilimi. Sunansa Rabaran Dakta Byang Kato.

Ƙuruciyarsa a Kwoi

An haifi Byang Kato a watan Yuni na 1936 a Sabzuro, cikin garin Kwoi, ƙasar Jaba, a kudancin jihar Kaduna ta yau. Iyayensa masu bin addinin gargajiya ne, tun yana jariri kuma mahaifinsa ya keɓe shi domin ya zama mai hidimar tsafi. Da ya kai wajen shekara goma, ya shiga horon da ake yi wa samari a al'adar mutanensa kafin a lasafta su cikin maza. Saboda haka bai san addinin kakanninsa daga littafi ba, a cikinsa ya tashi.

A waɗannan shekaru wata ma'aikaciyar mishan ta SIM mai suna Mary Haas tana shelar bishara a Kwoi. Byang ya fara zuwa makarantar mishan, a can kuma ya ji labarin Nuhu da jirginsa daga bakin wani malami ɗan ƙasa. Ya gane cewa shi ma yana bukatar wurin tsira, sai ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu yana da shekara goma sha biyu. An yi masa baftisma a 1948.

Mahaifinsa bai ji daɗin wannan ba. Ya doke shi, ya hana shi abinci, ya kuma ƙi biyan kuɗin makarantarsa. Yaron ya riƙa yin 'yan aikace-aikace a gidan mishan domin ya biya wa kansa. Bai bar bangaskiya ba, bai kuma bar makaranta ba. Daga baya Ubangiji ya ziyarci Kwoi da babbar farkawa a 1953, a ƙarshe ma mahaifin nan da ya tsananta masa ya zama mai bi.

Karatu, aiki, sa'an nan karatu kuma

A 1955 Byang ya tafi Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a jihar Kwara ta yau, ya gama a 1957. A shekarar ce ya yi aure, Allah kuma ya ba su 'ya'ya uku. Ya koyar a makarantun Littafi Mai Tsarki na Arewa, ya kuma yi aiki a Legas da mujallar African Challenge, inda yake amsa wasiƙun masu karatu da ke neman shawara a kan al'amuran ruhaniya da na zaman duniya.

Mu lura da wani abu a nan. Byang bai yi makarantar sakandare yadda yaranmu suke yi ba. Yana magidanci, yana aiki, yana ciyar da iyali, ya riƙa karatu ta hanyar wasiƙa har ya ci jarrabawar da ta buɗe masa ƙofar jami'a. A 1963 ya tafi Ingila, ya shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan, ya sami digirinsa na farko a tauhidi daga Jami'ar Landan. Da ya gama bai nemi zama a can ba. Ya dawo Igbaja ya zama malami a makarantar da ta yaye shi.

A 1967 aka zaɓe shi Babban Sakataren ECWA. A shekarar ce yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya, ya ci gaba har zuwa Janairun 1970. Ikkilisiyoyi sun warwatse, mutane sun rasa gidaje, 'yan'uwa cikin Almasihu sun sami kansu a ɓangarori biyu na yaƙi. A cikin wannan hali ne ya riƙe ofis, yana da shekara talatin da 'yan kai.

Bayan yaƙin, a 1970, ya tafi makarantar tauhidi ta Dalas a ƙasar Amurka. Ya sami digiri na biyu a 1971, aka kuma ba shi digiri na uku, wato digirin digirgir, a 1974. Idan muka duba tsarin rayuwarsa za mu ga bai jera digirori a kan juna kamar mai gina bene ba. Yakan yi karatu, ya dawo ya yi aiki shekaru, aikin ya nuna masa abin da bai sani ba tukuna, sa'an nan ya sake komawa aji.

Me ya kai shi Dalas?

Mutumin da ya riga ya zama Babban Sakatare ba ya bukatar wata takarda domin a girmama shi. Abin da ya tura shi shi ne tambayoyin da ke gaban ikkilisiyar Afirka a lokacin.

Ƙasashen Afirka ba su daɗe da samun 'yancin kai ba, mutane kuma suna ƙishin komawa ga al'adunsu. Wannan ƙishi yana da dalili, gama mulkin mallaka ya wulaƙanta abubuwa masu kyau da yawa na mutanenmu. Amma a waɗansu wurare abin ya zama tilas. A ƙasar Zayar, Shugaba Mobutu ya hana mutane amfani da sunayen baftisma. A Chadi, gwamnatin Tombalbaye ta tilasta wa manya shiga horon gargajiya da ake kira yondo, masu bi da yawa da suka ƙi kuwa sun sha azaba, waɗansu har sun rasa rayukansu. A jami'o'i kuma, manyan masana 'yan Afirka irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Ibadan suna rubuta littattafai a kan addinan gargajiya da dangantakarsu da bangaskiyar Kirista. Ɗalibai suna karantawa, malaman makaranta suna karantawa, masu shirin zama fastoci ma suna karantawa.

Tambayar ita ce: mutum zai iya zama cikakken ɗan Afirka, ya kuma zama cikakken Kirista? Me za a riƙe daga al'ada, me za a bari? Addinin kakanni yana kai mutum ga ceto, ko kuwa ceto ta wurin Almasihu ne kaɗai? Ikkilisiyoyi masu bishara suna da mutane da yawa, suna da himma, suna da waƙa da addu'a, amma kusan ba su da wanda zai zauna tare da waɗannan masana ya amsa musu da irin ma'aunin da suke aunawa. Kato ya kwatanta wannan hali da na mutum mai ƙarancin jini: jiki ya girma, amma ƙarfi babu.

Da ya zo rubuta kundin digirinsa na uku, bai zaɓi batun da zai burge malamansa na Amurka kawai ba. Ya koma ga mutanensa na Jaba, ya bincika abin da suka sani game da Mahalicci, wanda suke kira Nom, da abin da suke tsoro, da abin da suke sa zuciya a kai bayan mutuwa. Ya nuna cewa lalle sun san akwai Allah, kamar yadda Romawa sura 1 ta koyar, amma wannan sani bai isa ya sulhunta mutum da Allah ba sai ta wurin Almasihu. Ya kuma yi gargaɗi a kan koyarwar da ke cewa kowa zai sami ceto ko ta wace hanya ya bi, da kuma gauraya bishara da tsafi. An buga wannan aiki a 1975 da suna Theological Pitfalls in Africa, wato ramukan da tauhidi zai iya faɗawa ciki a Afirka.

Kada mu ɗauka Kato maƙiyin al'ada ne. Ya koyar cewa bangaskiyar Kirista ba addinin Turawa ba ce, gama ta kafu a Masar, da Habasha, da Arewacin Afirka tun ƙarnonin farko. Ya so masu bi su yi sujada da harshensu, da kiɗansu, da tufafinsu, muddin Maganar Allah ce take auna al'ada, ba al'ada take auna Maganar Allah ba.

Shekaru uku na ƙarshe

A 1973, a taron da aka yi a Limuru cikin ƙasar Kenya, aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar ikkilisiyoyi masu bishara ta Afirka da Madagaska, wadda ake kira AEAM. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan matsayi. Ya koma Nairobi da iyalinsa. A watan Yuli na 1974 ya yi jawabi a babban taron shelar bishara na duniya da aka yi a Lozan, ƙasar Suwizalan, inda wakilai daga ƙasashe kimanin 150 suka hallara. Yaron da aka hana abinci a Kwoi saboda makaranta ya tsaya yana koyar da shugabannin ikkilisiya na duniya a kan bishara da al'ada.

Abin da ya fi damunsa a waɗannan shekaru shi ne kada ya zama shi kaɗai. Ya roƙi ikkilisiyoyi su yi abubuwa huɗu. Su kafa makarantun tauhidi masu ba da babban digiri a cikin Afirka, ɗaya domin masu jin Faransanci, ɗaya domin masu jin Turanci. Su kafa hukumar da za ta riƙa tantance makarantun Littafi Mai Tsarki domin takardunsu su zama da daraja. Su fara mujallar da masana masu bi za su riƙa buga bincikensu. Su kuma tayar da 'yan Afirka masu rubuta littattafai domin ikkilisiyar Afirka. Ya san tsadar tafiya ƙasar waje, ya san yadda take raba mutum da iyalinsa da mutanensa, ya kuma san cewa makarantun can ba sa amsa tambayoyinmu na nan.

A ƙarshen 1975, bayan ya halarci babban taron Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya a Nairobi, ya tafi hutu da iyalinsa a bakin teku kusa da Mombasa. A ranar 19 ga Disamba ya nutse a ruwa. Yana da shekara 39. Bai cika shekara biyu da karɓar digirinsa na uku ba.

Asara ce?

Mai lissafi irin na kasuwa zai ce an yi asara. An kashe kuɗi da shekaru, mutumin kuma bai daɗe yana cin moriyar takardarsa ba. Amma mu dubi abin da ya biyo baya. A 1976 aka kafa hukumar tantance makarantun tauhidi ta Afirka, wato ACTEA. A 1977 aka buɗe makarantar tauhidi ta Bangi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya domin masu jin Faransanci. A 1983 aka buɗe ta Nairobi domin masu jin Turanci, wadda yanzu ta zama jami'a. A Jos, babban ɗakin karatu na makarantar tauhidi ta ECWA yana ɗauke da sunansa. Wanda ya gaje shi a ofis, Dakta Tokunboh Adeyemo, shi ne ya jagoranci masana 'yan Afirka kimanin saba'in suka rubuta sharhin dukan Littafi Mai Tsarki da ya fito a 2006, wanda daga baya aka fassara shi zuwa Hausa. Fastoci da yawa da ke tsaye a bagadinmu a yau sun yi karatu a ƙarƙashin malaman da waɗannan makarantu suka horar.

Ba muna cewa Kato bai yi kuskure ba. Masana masu bi da suka zo bayansa, irin su Kwame Bediako na Gana, sun ga cewa ya tsananta wajen hukunta addinan gargajiya, bai kuma ba da isasshen wuri ga yadda Allah ya shirya zukatan kakanninmu domin bishara ba. Waɗansu kuma sun kare shi. Har yau ana wannan muhawara a makarantunmu. Wannan ma riba ce, domin ya rubuta tunaninsa a fili yadda za a iya aunawa, a gyara, a ɗora a kai. Ɗaya daga cikin amfanin karatu mai zurfi ke nan: yana koya wa mutum ya kawo hujja, ya saurari wanda bai yarda da shi ba, ya kuma karɓi gyara.

Abin da muka koya

Na fari, karatu mai zurfi yana farawa da tambaya, ba da sha'awar laƙabi ba. Digiri na farko yana koya wa mutum abin da waɗansu suka riga suka gano. Digiri na biyu da na uku suna koya masa yadda zai bincika abin da ba a riga an amsa ba. Wanda ya shiga ba tare da wata tambaya da ke cin zuciyarsa ba, zai fito da takarda, amma ba zai fito da amsa ba. Idan dalilin kawai shi ne rashin aiki, gara a faɗi gaskiya, domin shekara biyu za su wuce, rashin aikin kuma yana nan yana jira.

Mu kuwa a nan ba mu rasa tambayoyi ba. Tun da aka sace 'yan mata ɗalibai a Jangebe a watan Fabrairu na 2021, iyaye da yawa suna fargabar tura yara makarantar kwana. Me za mu koya wa saurayin da ya ɗaura laya domin tsoron harsashi, alhali yana cikin ƙungiyar mawaƙa? Yaya za mu yi wa'azin gafara ga matar da aka kashe mijinta a gona? Me Littafi Mai Tsarki ya ce wa iyalin da suka sayar da kome domin kuɗin fansa? Yaya za mu amsa wa masu sayar da mai da ruwa a Facebook da sunan mu'ujiza? Yaya za mu zauna da maƙwabtanmu Musulmi cikin salama da mutunci, ba tare da mun ɓoye shaidarmu ba? Waɗannan ba tambayoyin da za a amsa da ihu ba ne. Suna bukatar mutanen da suka zauna suka yi nazarin Maganar Allah da kyau, suka kuma san mutanensu.

Na biyu, wannan kira bai tsaya ga fastoci kaɗai ba. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai da aka sami ƙwararrun likitoci da masu binciken ƙasa kafin aka gane tushen cutar, aka kuma san yadda za a tsabtace gidaje. Da yawa daga cikinsu daga nesa suka zo. 'Yarmu da ta ƙware a lafiyar yara, ko ɗanmu da ya ƙware a noman rani, ko a kiwon dabbobi, ko a shari'a, yana yi wa Allah hidima kamar mai wa'azi, idan ya yi domin ƙaunar maƙwabci. Musa ya koyi dukan hikimar Masarawa, Daniyel ya yi shekara uku a makarantar Babila, Bulus ya zauna a gaban Gamaliyel, Allah kuwa ya yi aiki da abin da suka koya.

Na uku, ilimi yana bukatar hanyar fita. Dukanmu mun san madatsar ruwa ta Bakolori da aka gama a 1978 a kan Kogin Sakkwato. Manomin Maradun, ko Bakura, ko Talata Mafara ba ya auna amfaninta da yawan ruwan da ke kwance a bayanta. Yana aunawa da ruwan da ya iso gonarsa. Inda magudana ta toshe, shinkafa takan bushe ko da tafkin ya cika maƙil. Haka ilimi yake. Kato ya dawo daga Landan ya shiga aji, ya dawo daga Dalas ya shiga aiki, ya rubuta, ya koyar, ya buɗe wa waɗansu ƙofa. Ezra 7:10 ta nuna mana wannan tsari: ya yi nazari, ya aikata, ya koyar. Manzo Bulus ma ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane waɗanda za su koya wa waɗansu.

Na huɗu, akwai haɗari. Manzo Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa ilimi yakan kumbura mutum. Mun ga waɗanda suka dawo ba sa iya wa'azi da Hausa mai sauƙi, ba sa iya zama a tabarma da tsofaffi, suna fushi idan ba a kira su dakta ba. Mu tuna da Afolos a Ayyukan Manzanni sura 18. Masani ne, gwanin magana, amma ya yarda Bilkisu da Akila, masu ɗinkin alfarwa, su ƙara masa haske. Dattijon da ya ce manzanni masunta ne ya faɗi gaskiya, sai dai kada ya manta sun yi shekara uku suna bin Malamin malamai dare da rana. Mai bishara da ke ƙauye, wanda bai wuce makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ba, ba ƙaramin bawa ba ne a gaban Ubangiji. Ta bakin malamin ƙauye ne Byang Kato ya ji labarin Nuhu.

Shawara ga ikkilisiya

Ba kowa ne aka kira zuwa digiri na biyu ba, babu kuma kunya ga wanda ya tsaya ya kama sana'a ko noma. Amma idan muka ga ɗa ko 'ya a cikinmu mai kaifin hankali, mai tsoron Allah, wanda ya riga ya nuna aminci a ƙaramin aiki, kada mu bar shi shi kaɗai da nauyin. Dattawa su zauna da shi su tambaye shi abin da yake so ya bincika, da wanda binciken zai amfana, da inda yake niyyar yin hidima bayan ya gama. Idan amsarsa ta gamsar, zumuntar mata, da ta maza, da ta matasa su sa hannu, ko da mudu ɗaya ne na hatsi a kaka. A riƙa tunawa da shi cikin addu'a, a kula da iyalinsa, a kuma shirya masa wurin aiki idan ya dawo, gama waɗansu ba su ƙi dawowa ba, wuri ne ba a ba su ba.

Ku kuma matasa da kuke wannan tunani, ku tambayi kanku a gaban Ubangiji: wace tambaya ce ta mutanena nake ɗauke da ita zuwa makaranta? Su wa za su sha daga abin da zan tara? Wanda aka ba shi da yawa, za a nemi da yawa a hannunsa, kamar yadda Ubangijinmu ya koyar a Luka 12:48.

Ubangiji ya tayar mana da masu ilimi masu tawali'u daga cikin 'ya'yanmu, ya ba mu zuciyar tallafa musu, ya kuma maido da salama a ƙasarmu. Amin.